Zamfir da Maƙiyan Gwangwani

Duk wanda ya yi yarinta a Braila, garinmu na bakin kogin Danub, ya san Nea Zamfir, don babu yaron da bai taɓa barin kuɗin alewarsa a kan kantar mutumin nan ba. Kada wannan "Nea" ta ruɗe ku. Haka muke kiran duk namijin da ya girme mu, kamar a ce kawu. Shekaru ne suka ba shi, ba hali ba.

Sana'arsa rumfar harbi. A cikin babban lambun gari, can kusa da lilo, yake da 'yar rumfarsa ta katako, wadda in mutum uku suka jingina da kantarta ta cika. Bindigogin iska a jere a gaba, a bangon baya kuma agwagin gwangwani suna tafiya a kan sarƙa. Ka harbo ɗaya ta kife, ka ci furen takarda, ko 'yar kyanwar ado ta farar ƙasa, ko alewa mai siffar zakara. Can sama akwai kwalbar giya mai kumfa da jan ƙyalle a wuyanta, ita ce babbar kyauta. Tun ubansa na da rai take zaune a wurin.

Uban ne ya bar masa rumfar, ya kuma bar masa sirrinta. Ɗan ƙarfen saitin nan da ke bakin bindiga, filaya ake sa wa a karkata shi kaɗan, kaɗan ƙwarai, yadda ido ba zai kama ba. Sai saurayi ya zo da budurwarsa, ya tura hula ƙeya, ya kanne ido ɗaya, ya harba, harsashi ya bi ta gefen agwagwa ya wuce abinsa. Zamfir ya dafe kai.

"Kai! Saura ƙiris! Na rantse da kabarin ubana gashin wutsiyarta ka aske. Ƙara ɗaya, ango, yarinya na kallonka."

Ango kuwa sai ya ƙara, har kuɗin taragon komawa gida.

Zamanin sarki, Zamfir ya zana kambin sarauta a goshin rumfar. Da 'yan ƙungiyar nan masu koren riguna suka yi ɗan tashensu, ya shafe kanta da koren fenti. Sojojin Jamus suka zo, ya iya ƙirge da Jamusanci. Na Rasha suka kore su, aka wayi gari yana gaisuwa da Rashanci kamar a can aka yanke masa cibiya. Dukansu kuwa da karkatacciyar bindiga ya tarbe su, bai fifita kowa ba. Iyakar adalcin da na san ya taɓa yi a duniya ke nan.

Ba ya zuwa coci, ba ya zama mashaya, ba shi da aboki. Rumfar nan ita ce uwarsa, ita ce ubansa. Yana da mata dai, Safta, doguwar 'yar ƙauye marar magana, wadda ke naɗa furannin takarda tana dafa alewar. Tana da wa guda ɗaya a ƙauye, Ilariye. A shekarar farin nan da ta biyo bayan yaƙi, lokacin da mutanen gari ke sayar da gadajensu don mudun gari, Ilariye ne ya riƙa shigowa da keken doki, buhun garin masara a ɓoye ƙarƙashin ciyawa. Zamfir ya ci tuwon masarar nan har ya yi wuya, maƙwabta suna ramewa.

To, sai aka yi sabuwar gwamnati, ta ma'aikata, wadda ba ta daɗe ba ta gano cewa mutanen Braila ba su iya hutawa ba. Mu a haukanmu mun ɗauka hutu shi ne ranar Lahadi ka sa rigarka mai kyau, ka zauna a benci, kana ɓare 'ya'yan furen rana kana tofar da ɓawon, kana kallon jiragen ruwa, kana gulmar wanda ya wuce. Ashe duk wannan lalaci ne da muka gada daga azzalumai. Hutu na gaskiya shi ne wanda zai mayar wa mutum da ƙarfi don aikin Litinin, ya kuma tashi daga benci ya fi yadda ya zauna wayewa.

Aka sauya wa lambun suna, ya koma Lambun Hutu da Wayewa. Aka rataya lasifika a bishiyoyi. Tsohon nan mai aku, wanda tsuntsunsa ke zaro wa 'yan mata takardar sa'a da baki, aka kore shi, wai akun na yaɗa camfi. Masu goge aka ɗinka musu riguna iri ɗaya, aka koya musu waƙar tarakta. Rawa ta ranar Lahadi ba a hana ba, amma sai an saurari lacca tukuna. Bencina kuwa, waɗanda tun kakanninmu suke fuskantar kogi, aka tumɓuke su aka juya su suna kallon dandamali. Kogin ba ya koyar da komai.

Wanda aka ɗora a kan wannan babban aiki shi ne Kwamared Burlaku, da can mai yaga tikiti a ƙofar silima. Yanzu ya zama darakta, yana yawo da jakar fata a hammata, wadda duk garin ya san burodi da albasa ne a ciki.

Zamfir bai jira an ƙwace rumfarsa ba. Da ƙafarsa ya kai makulli ofis, ya ce tun yana yaro yake mafarkin ranar da jama'a za su karɓe ta. Aka yaba masa, aka mayar masa da makullin a matsayin ma'aikacin gwamnati. Daga ranar abu ɗaya ne ke hana shi barci: kada a wayi gari a tsayar da wani a bayan kantar nan. Kuma a zamanin, wanda aka cire daga wurinsa ba gida yake komawa ba. Akwai Kanal, ƙaton ramin nan da ake haƙawa daga kogi zuwa teku, inda ake ba mutum shebur a manta da shi.

Wata safiya Burlaku ya zo ya tsaya gaban rumfar, ya daɗe yana kallon bango.

"Nea Zamfir, waɗannan mene ne?"

"Agwagi ne, Kwamared Darakta."

"Na ga agwagi ne, ai ba makaho ba ne ni. Me suka yi wa ma'aikata?"

Zamfir ya yi ta laluben laifin agwagwa a ransa. "To... suna cin hatsi."

"Kai ma kana ci. Duba nan. Mutum ya kwashe mako yana sauke buhuna a tashar jirgi, ya zo hutawa, ka miƙa masa bindiga ya harbi agwagwa. Ya koma gida da me a kansa? Agwagwa! Maƙiya muke so a bangon nan. Ma'aikaci ya ga maƙiyinsa, ya auna shi, ya kayar da shi."

"Abin da ke raina ke nan tun bara," in ji Zamfir, "kunya ce ta hana ni faɗa."

Kafin mako ya zagayo ya yanka gwangwani, ya yi fenti, ya kafa mutum huɗu, kowanne da 'yar sakata a baya wadda in harsashi ya bugi ƙirji sai ta saki, mutumin ya kife. Ga Mai Banki da doguwar hula da sigari. Ga Janar na ƙasar waje, haƙora waje. Ga Ɗan Gayu mai tsukakken wando, irin masu rawar Amurka. Na huɗun shi ne Mai Ɓoye Hatsi, wato babban manomin da gwamnati ta ce shi ke shan jinin ƙauye.

Burlaku ya duba ukun farko ya gyaɗa kai. Da ya zo kan na huɗu sai ya taɓe baki.

"Wannan ai kakan kowa ne. In na gan shi a tarago sai in tashi in ba shi kujera. Ba ka taɓa ganin irinsu ido da ido ba ne?" Ya gyara jakarsa, ya ɗan rage murya. "Af, na tuna. An ce wan matarka na cikin waɗanda aka kwashe makon jiya, ko? Dawaki biyu, da tukunyar dafa barasa. Ilariye, ko wa? Kun saba ƙwarai, in ji mutane."

Zamfir ya gane inda maganar ta dosa. Da darakta ya ba da baya, ya ɗauko buroshi. Ya ba gwangwanin gashin baki mai furfura a gefe ɗaya. Ya tsaga masa girar hagu, inda doki ya taɓa harbin Ilariye. Ya sa masa shuɗiyar falmaran mai jan zare a baki, irin wadda Safta ta saƙa wa wanta da hannunta. Ku ba shi abinsa, ya iya zane. Ko karen Ilariye ya ga gwangwanin nan sai ya kaɗa wutsiya.

Da rana Safta ta kawo masa abinci a ƙullin ƙyalle. Ta ajiye a kan kantar rumfar, ta ɗaga kai, ta tsaya.

"Wannan Ilariye ne."

"Gwangwani ne."

"Har da girarsa."

"Ke, rage murya. Kin ɗauka lasifikar nan magana kawai take yi?"

"Zamfir, tuwonsa ne a cikin nan naka."

Ya shafa cikin, ya buɗe ƙullin abinci. "Wannan ai na daɗe da narkar da shi. Gishiri fa, kin manta?"

Ta juya ta koma gida. Shi kuwa ya ɗauka magana ta ƙare, don a wurinsa shirun Safta ko da yaushe "to" yake nufi.

Abin da bai lissafa ba shi ne saitin bindigoginsa. Lahadin farko wani ƙaton ɗan dako daga tasha, Gavrila, mutumin da ke ɗaukar buhu biyu a kafaɗa ɗaya, ya zo da abokan aikinsa sun ɗan sha giya. Ya auna Mai Banki, ya harba, bai samu ba. Ya sake, bai samu ba. Ya yi ta harbi, Mai Banki na tsaye da sigarinsa. Da agwagwa ce, da an yi dariya an wuce. Amma sai wani mai jan baje a ƙirji, daga ƙungiyar matasan jam'iyya, ya ce daga baya:

"Nea Gavrila, ko dai kawunka ne? Na ga kamar hannunka na jin nauyinsa."

Aka yi dariya a wurin. Ranar Litinin ba a yi ba. A taron tasha sai da Gavrila ya miƙe tsaye, hula a hannu, ya bayyana wa jama'a dalilin da ya sa mutum mai ƙarfinsa ya kasa samun ɗan jari-hujja daga nisan taku kaɗan. Ya ce giya ce. Aka ce to me ya sa ya sha giya kafin ya fuskanci maƙiyi?

Labari ya zaga gari. Lahadin da ta biyo, mutane suka riƙa kewaye rumfar kamar akwai mahaukacin kare a ciki. Wa zai biya kuɗinsa ya sayi tuhuma? Zamfir ya yi ta kira, "Ango! Kwamared! Zo ka gwada!" Ango ya ja budurwarsa suka nufi teburin dara.

Burlaku ya dawo, wannan karon bai ko gaisa ba.

"Tun safe nake leƙe ta taga. Maƙiyan jama'a huɗu suna tsaye a tsakiyar lambuna suna wa ma'aikata murmushi, ko ƙwarzane babu a jikinsu. Tambayar da za a yi mini ita ce, wa ke kare su? Ni kuma zan ce ban sani ba, amma na san mai riƙe da makulli."

A yammacin nan Zamfir ya ɗauko filayar ubansa ya miƙe saitin bindigogin, ɗaya bayan ɗaya. Mai sharar lambu ya ce ya ga hawaye a idonsa, kuma na yarda. Bai yi kuka ran da aka tafi da Ilariye ba, bai yi ran da uwarsa ta mutu ba, amma gaskiyar da aka tilasta masa ta ƙona shi har ƙashi.

Da aka gane bindigogi sun daina ƙarya, sai gari ya ɓarke masa. Yara, tsofaffi, har limamin cocin Girkawa an ce ya leƙo. Kowa ya harba sai gwangwani ya kife. Furanni suka ƙare, kyanwoyi suka ƙare. Kwalbar nan ta sama, wata tsohuwar ungozoma marar haƙori ce ta cinye ta. Ta buɗe a wurin don ta ba maƙwabta, sai ga tsohon ruwan shayi, baƙi ƙirin. Ashe uban Zamfir ya shanye giyar tun kafin yaƙin farko.

Burlaku ya warware matsalar kyauta cikin sauƙi. Ya aiko da kwali cike da 'yan littattafai a kan yadda ake noman gwazar da ake yin sukari da ita, ya ce wanda ya kayar da maƙiyi a ba shi ɗaya. Nan take jama'a suka sake ɗaukewa. Daga nan sai dai a kawo ma'aikatan masana'anta a jere, da shugabansu a gaba, kowa ya harba nasa, ya karɓi littafin gwaza, ya sa a aljihu don kunna murhu. Zamfir bai damu ba. Yana bayan kantarsa.

Ana haka bikin ranar ma'aikata ya gabato, aka ce babban baƙo zai zo daga hedikwatar yanki, Kwamared Mokanu, zai zaga lambu ya ga yadda talakawa ke hutawa, kuma zai tsaya a rumfar harbi. Ana jajibiri sai ga mutum biyu cikin kwat ɗin fata, irin waɗanda ba a tambayarsu suna. Suka juye akwatin harsashi a jakarsu. Suka laluba aljihun Zamfir. Ɗayan har ya durƙusa yana tsintar waɗanda suka faɗa tsakanin katakai. Ba a yarda ko ƙwayar dalma ɗaya ta kwana kusa da inda babban mutum zai tsaya ba.

"To, ranku ya da... wato, Kwamared," in ji Zamfir, "da me zai harba?"

"Wannan kuma matsalarka ce, tsoho."

Ya ruga wurin Burlaku. Darakta ya saurare shi, fuska ta yi fari kamar cuku.

"Zai harba, kuma abin zai faɗi. Ban san yadda za ka yi ba, ba na kuma son in sani. In bai faɗi ba, ni da kai shebur ɗaya za mu raba."

Wanda ya rayu a kan sa mutane su kasa samu, sa su samu ba zai gagare shi ba. Ya huda bangon baya, ya ɗaura igiya a sakatar kowane gwangwani, ya zura ta ramin. Bayan rumfar akwai wani ɗan lungu da ba a gani. Ya ajiye kujera a wurin, ya kawo Safta.

"Ga igiya huɗu. Zan kira sunan wanda ya auna da ƙarfi, kamar ina masa kirari. Kina jin 'tas', ki ja tasa. Mai Banki zai zaɓa, manya duk shi suke zaɓa, shi ne a tsakiya. Kin gane, ko sai na zana miki?"

Ta dubi igiyoyin, ta dube shi, ta zauna.

Ranar biki lambu ya cika maƙil. Jajayen tutoci ko'ina, hayaƙin gasasshen nama ya cika iska, an kawo giya a ganga wadda rabonmu da ita tun bara. An jera 'yan badujala kusa da rumfar, an gaya musu da zarar maƙiyi ya faɗi su busa. An kuma tsara waɗanda za su yi tafi a sahun gaba, kada murna ta zo a hargitse.

Kwamared Mokanu ya iso da rana tsaka, gajere, mai kauri, da sabuwar hular da ta ɗan yi masa yawa. Burlaku na biye da shi yana tafiya a karkace. Zamfir ya fito gaban kanta ya tarbe shi, ya rusuna, ya tuna an daina rusunawa, ya miƙe, ya karya bindiga, ya yi kamar yana saka harsashi da yatsu biyu. Duk sahun gaba sun ga babu komai a yatsun. Duk suka kalli sama.

Mokanu ya karɓa, ya bi gwangwanayen da kallo. Bakin bindiga ya tsaya a kan Mai Banki, ran Zamfir ya kwanta. Sai kuma ya zarce.

"Ni ɗan ƙauye ne," in ji Mokanu, yana juyowa don jama'a su ji. "Mai banki ban taɓa ganinsa ba. Amma wannan mai gashin bakin, na san irinsu. Na yi wa irinsu kiwon tumaki ba takalmi."

Zamfir ya ɗaga murya. "Mai Ɓoye Hatsi! Kwamared ya auna Mai Ɓoye Hatsi!"

Tas!

'Yan badujala suka cika kumatu. Masu tafi suka buɗe hannuwa. Ilariye na gwangwani yana tsaye da tsagaggiyar girarsa.

"Iska ce, Kwamared, iskar kogi," in ji Zamfir. Ko ganye ba ya motsi. Ya sake karya bindigar, ya sake saka babu a cikinta. "Mai Ɓoye Hatsi na ce! Mai shuɗiyar falmaran! Na gefen dama!"

Tas!

Sai Mai Banki ya kife. Mokanu ya dubi bakin bindigarsa, ya dubi inda ya auna. Kafin ya buɗe baki, ba tare da an harba komai ba, Janar ya kife. Ɗan Gayu ya bi shi, a hankali, kamar mai jin barci. Bango ya zama fili, saura mutum ɗaya tsaye a gefen dama yana kallon babban baƙo.

Mai busa ƙaton ƙahon nan na badujala ya kasa riƙewa, kuma da yake bakinsa na jikin ƙahon, dariyar ta fito ta ciki, ƙatuwa, kamar kukan sa. Masu kwat ɗin fata suka fara matsowa. Wuyan Mokanu ya yi ja har kunne.

A wannan ɗan lokacin Zamfir bai tuna Safta ba, bai tuna kunya ba. Wani baƙon mutum ya hango a ransa, tsaye a bayan kantarsa yana shafa bindigoginsa. Sai kawai ya dafa kantar, mutum mai shekara hamsin da ɗoriya, ya tsallake ta kamar ɗan akuya, ya faɗa wa gwangwanin.

"Ɓarawo! Azzalumi! Mai shan jinin talaka! Ka ƙi faɗuwa? Ni za ka ƙi wa faɗuwa?"

Ya naushe shi, ya sa masa goshi, ya kama gashin bakin fenti da haƙora. Bakin gwangwani ya yanke masa hannu, jini ya ɓata farar rigar biki, bai ko ji ba. Ya fizge shi daga sakata da igiyar da komai, ya maka da ƙasa, ya hau da ƙafa biyu yana tsalle yana zagin uwar Ilariye, wadda ita ce ta haifi matarsa. Sai da numfashi ya ƙare masa ya tsaya, yana haki, igiya na reto a hannunsa a gaban kowa.

Ba wanda ya motsa. Mokanu ya ajiye bindiga a kan kanta. Ba wawa ba ne, ya ga igiyar sarai. Amma ya kuma ga cewa in akwai igiya, to shi ne mutumin da aka ba bindiga ba harsashi ya yi ta harbi a gaban gari guda. Ya ɗaga gajerun hannuwansa ya tafa, sau ɗaya, sau biyu.

"Kun gani, 'yan'uwa? Wannan ita ce ƙiyayyar talaka ga maƙiyinsa. Bai ma jira harsashi ba!"

Sahun gaba suka kama, na baya suka bi, badujala ta ɓarke. Burlaku ya jingina da bishiya yana tafi da jaka a hammata, idanunsa a rufe.

Da taro ya watse Zamfir ya zaga lungu, hannu naɗe da ƙyalle, bakinsa cike da abin da zai faɗa. Kujera ce kawai a wurin. Safta ta biya gida ta ɗauki mayafinta da keken ɗinkinta, ta hau motar ƙauye, ta koma wurin matar wanta. Ba ta sake taka Braila ba. Da farko ya ce jinya ta tafi. Daga baya ya ga akwai riba a gaskiyar, sai ya miƙe a taron ma'aikatan lambu ya sanar cewa shi ya kore ta, don ba zai haɗa rufi da jinin maƙiya ba. Aka tafa masa a nan ma.

Rumfa dai ta tsira, amma ku ji yadda ta tsira. Masu kwat ɗin fata ba su dawo da harsashin ba, ba kuma wanda ya yi ƙarfin halin zuwa tambaya. Bindigogi suka koma ado a bango. Burlaku kuwa, da ya ji an yabi abin a hedikwata, sai ya sa shi cikin shirin kowace Lahadi, tsakanin lacca da rawa. Lasifika ta sanar, jama'a su taru, Nea Zamfir ya fito gaba, ya tsallake kanta ya lakaɗa wa Mai Ɓoye Hatsi duka. Ranar Litinin ya zauna da guduma ya miƙe gwangwanin, ya sake zana gashin bakin, ya tanade shi don Lahadi mai zuwa.

Kuma, in faɗa muku gaskiya, ba abin da ya taɓa tara mutane a lambun nan kamarsa. Mun samu wuri ɗaya a duk garin inda za ka yi dariya har ka riƙe ciki, a rubuta cewa kana nuna goyon baya. 'Yan dako sukan zo da giyarsu tun da wuri don su samu gaba. Gavrila ba ya fashi. Yakan tsaya da hannuwa a ƙirji ya ce, "Da ƙarfi, Nea Zamfir! Ko dai surukinka ne?"

Shekaru suka tafi. Aka rufe Kanal, aka sauya Burlaku da wani matashi mai tabarau wanda ya yi karatu, ya ga abin ya ji kunya, ya ce a daina. Zamfir ne ya bi shi har ofis yana roƙo, don ya san rumfar da ba harsashi, in ba duka, ba ta da dalilin zama. Matashin ya ɗaga kafaɗa ya ƙyale shi.

Gwiwoyi suka fara ƙi. Aka ajiye masa akwati ya riƙa takawa. Lahadin ƙarshe da na gan shi, ya taka akwatin, ya ɗora ƙafa ɗaya a kan kanta, sai ya maƙale a nan, ba gaba ba baya, yana zagin maƙiyin jama'a da muryar da ba ta kai sahu na biyu. Masu ban ruwan furanni biyu suka ajiye butocinsu, suka ɗauke shi ta hammata kamar buhun albasa, suka kai shi gaban gwangwanin. Ya ɗaga hannu ya ɗan dungure shi. Gwangwanin bai faɗi ba, sai ɗaya daga cikinsu ya sa yatsa ya ture masa. Muka tafa, suka mayar da shi bayan kantarsa, suka zaunar da shi, muka wuce wurin rawa.